Man Shanu a Kan Gwaggo Maijidda

Duk macen da ta tashi a unguwarmu a Kibiya, in dai Allah ya ba ta gashin da za a kama, to ta taɓa kifa kanta a cinyar Gwaggo Maijidda. Ni kam tun ban san damana da haguna ba nake shan kitsonta, don yayar babanmu ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Har na yi aure, na haihu, na kama koyarwa a firamare a Fammar, ban taɓa miƙa wa wata kaina ba. Ba don hannunta yana da sanyi ba kuwa. Zafin hannun Gwaggo sai wadda ta sha. In ta ja miki shuku sai kin kwana biyu girarki tana sama, in kuma kika motsa ta ƙwanƙwasa miki kibiyar kitso a ƙeya ta ce, "Kai ne a wuyanki ko tulu?" Mukan tsokane ta da cewa don kibiyarta aka raɗa wa garin suna, ita kuma ba ta taɓa musawa ba.

Gajeriya ce, baƙa, ga faɗa kamar me. Amma tana da gashi. Fari ne tas tun ina yarinya, in ta tsefe shi har kafaɗa yake sauka, kuma da kanta take kitse abinta ba madubi. Matan da suke zuwa sukan ce ko ba ta buɗe baki ba, kanta ya isa talla.

Dokokinta biyu ne, kuma shekara arba'in ba ta saki ko ɗaya ba. Ta farko, ba ta kitso da man kanti. Man shanu kawai, wanda Fanta, wata Bafulatana daga rugar bayan Durba, take kawo mata a ƙaramar ƙwarya duk mako. In kika zo da robar manki mai ƙamshi sai ta ture ta gefe da ƙafa. Ta biyu ita ce ta mataccen gashi, wanda yake zubowa in ana tsifa da taza. Gwaggo ba ta bari ko sili ɗaya ya shiga shara. Sai ta tattara shi, ta murza a tafin hannu ya dunƙule, ta nuna wa mai shi, sannan ta tura shi can cikin wata tsaguwa da ke jikin katangarta ta ƙasa, a bayan randa. A wurinta gashin mace amana ne, don mugu yana iya tsintarsa ya kai inda bai kamata ba. Abin da take alfahari da shi ke nan fiye da kitson kansa. Takan ce, "Ba a taɓa tsintar gashin 'yar kowa a bola an ce daga gidana ya fito ba."

Mijinta, Malam Ishiyaku, ya rasu shekara bakwai ke nan. 'Ya'ya biyu ta haifa, duk ba su yi rai ba. Babanmu ya yi ya yi ta dawo cikin gidanmu, ta ce ita ba ta tsufan da za a riƙa ƙirga mata loma ba. Da rana gidanta cike yake da mata da surutu. Da la'asar ta yi, kowa ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi, sai ya rage daga ita sai randa.

Kyanwar ta zo ne a jajibirin wata ƙaramar salla, ranar da mata suka fi yawa, ana ta layin kitso har zaure. Wata 'yar mitsitsiyar kyanwa ce, fara da dabbaren toka, ta shigo ta rariya a jiƙe, ta ratsa ƙafafun mutane ta je ta kwanta a kan zanin Gwaggo kamar an aiko ta. Mu duka muka zuba ido mu ga irin jifar da za ta sha, don Gwaggo ko kazar maƙota ba ta raga wa. Sai ta dube ta, ta lakato man shanu a yatsa ta miƙa mata. Daga ranar sunanta Tasalla.

Shekara huɗu suka yi tare. In kana gidanmu da yamma za ka jiyo Gwaggo ta katanga tana ba da labari, wa ta zo da ƙwarƙwata, wa kanta ya fara sanƙo tana ɓoyewa, ka rantse da baƙuwa take hira. Mu muka riƙa yi mata dariya, muna cewa Gwaggo ta yi 'yar tsufa. Ita ko a jikinta. Faɗanta ma ya ragu, har ƙeyarmu ta samu sauƙi.

A daminar bara Tasalla ta fara amai. Sai ka ga ta tsaya cak a tsakar gida, ta duƙar da kai, ta miƙe wuya, cikinta yana shiga yana fita, tana wani irin kakari mai ban tausayi, sannan ta zubar. Da fari sau ɗaya ne a mako, daga baya ya koma kusan kullum. Gwaggo tana jin kakarin za ta saki kan da take kitsawa, ta ɗebo toka ta rufe wurin, ta share. Sauri take yi don kada matan su ga ƙazanta, ga idonta ya fara rauni, saboda haka ba ta taɓa tsayawa ta duba abin da ke ciki ba.

Masana kuwa ba irin waɗanda ba su fito ba. Wata ta ce ƙadangare ta ci, ai kyanwar da ta saba da ƙadangare haka take ramewa. Wata ta ce ɓeran da ya ci guba ne. Fanta ta ce a ba ta madara mai ɗumi, aka ba ta, ta dawo da ita nan take. An jiƙa mata sabara, an shafa mata tofi. Ni ma da nake ganin na yi boko, na duba waya na karanto wa Gwaggo dalilai sun fi goma, ta saurare ni har na gama, ta ce, "To Afira, wanne ne daga ciki?" Haka take kirana, Afra'u ya fi ƙarfin bakinta.

Da kyanwar ta fara ramewa har ana ganin ƙashin bayanta, Gwaggo ta ce in raka ta Rano ranar kasuwa, wurin masu maganin dabbobi. Muka sa Tasalla a kwali muka huda shi. Mun shiga mota lafiya lau, har an kusa cika, sai ta yi kuka daga cikin kwalin. Direban ya juyo.

"Iya, me ke cikin kwalin nan?"

"Mara lafiya ce," in ji Gwaggo.

"Mage ce? A'a, ku yi haƙuri ku sauka. Ni ba na ɗaukar mage a mota, ina da iyali."

Na yi masa bayani, na haɗa da roƙo, fasinjoji suka goya masa baya, wai mota da mage a ciki ba ta kai wa inda za ta lafiya. Haka muka sauka. A babur muka je, ni a baya, Gwaggo a tsakiya ta rungume kwali, tana yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami.

Mai shagon maganin, wani dattijo ne mai suna Ɗayyabu, Fulani sun cika masa benci. Ya gaishe da Gwaggo da ladabi ya ce, "Iya, akuya ce ko tunkiya?" Ta buɗe kwalin. Sai da bencin nan kaf ya kwashe da dariya. Shi Ɗayyabu bai yi ba, a nan kam na yaba masa. Ya sosa gemu ya ce shekararsa ashirin a sana'ar nan, shanu ya sani, awaki ya sani, kaji ya sani, amma ba a taɓa kawo masa kyanwa ba. Ya ɗauko maganin tsutsar ciki na awaki, ya ɗaga Tasalla a hannu ɗaya yana kintatar nauyinta, ya ce a ɗiga mata kaɗan. Sannan ya rage murya ya ce min, "Malama, gaskiya lalube nake. In kuna son sanin abin da ke cikinta, sai Kano, can ne suke da na'urar ɗaukar hoton ciki."

A hanya Gwaggo ta ce, "Afira, yaushe za mu Kanon?" Na ce sai an yi hutun makaranta. Da na gaya wa maigidana, ya dube ni ya ce mutane ma suna kwance a gida ba a kai su Kano ba, sai kyanwa, kuma wace motar ce za ta ɗauke mu? Ni ma kunyar abin nake ji. Hutu ya zo ya wuce ban tayar da maganar ba. Wannan laifina ne, kuma har yau yana ci na.

Maganin Ɗayyabu bai yi komai ba.

Ranar da abin ya fashe, Hajiya Halima Sadiya ce a kan tabarma. Babbar mace ce a unguwa, ita ake kira rabon abinci a kowane biki, kuma tun tana amarya Gwaggo take mata kitso. Tana rina furfurarta da lalle, kanta ja wur kamar garwashi, duk garin ba mai irinsa. An kai rabin kai, ina gefe ina jiran layi, sai Tasalla ta zo daf da tabarmar ta fara kakari. Kafin Gwaggo ta kai ga toka, ta zubar da wani abu dogo, dunƙulalle, kamar ɗan yatsa. Hajiya ta ƙura masa ido. Ta sa tsinken tsintsiya ta tona. Gashi ne cunkus, baƙi, da jan sili-sili a cikinsa.

"Maijidda," ta ce, "wannan ai gashina ne."

Hajiya ta ɗago ta dubi Gwaggo.

"Gashina a cikin kyanwa? Shekara talatin ina kawo miki kaina, ashe abin da ake yi da shi ke nan?"

Ta ja mayafi ta rufe kanta, rabi a kitse rabi a tsefe, ta fita. Sauran matan biyu suka bi bayanta, ɗaya har da tofa addu'a a cikin riga.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, kuma kowane gida ya shiga sai ya fito da ƙari. Wai Gwaggo tana ciyar da kyanwa gashin mata don kada su iya kai kansu wurin wata mai kitso. Wai shi ya sa duk zafin hannunta ba a iya barinta. Wai kyanwar ma ba kyanwa ba ce. Matan da ta yi wa kitson aure, ta yi wa 'ya'yansu, su ne masu faɗa. Abin ya ƙona min rai ƙwarai, har na daina gaisa da mutum biyu.

Ni da Gwaggo kuwa, tun da matan suka fita, muka zagaya bayan randa. Ruwan damina ya zaizaye tsaguwar nan ta buɗe baki, ga sawun farce a jikin ƙasar, ga dunƙulen gashi biyu a ƙasa an ja su waje. Na ɗauki ɗaya na shinshina. Man shanu. Kowane dunƙule da Gwaggo ta murza a tafinta da maiƙo ta murza shi, ita kuma Tasalla tun ranar da ta shigo gidan man shanu aka fara ba ta. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa, a cikin danshin bayan randa, ta ce, "Ashe ni ce. Ina ɓoye wa mutane, ina zuba mata."

A ranar ta kwaɓa laka ta toshe tsaguwar. Na zaga gida-gida ina bayani, wasu suka ce Allah sarki, amma ba wadda ta dawo. Bayan mako guda Hajiya Halima Sadiya ta aiko cewa ita ba ta riƙe kowa a rai ba, in an fitar da kyanwar daga gidan za ta zo a ƙarasa mata, sauran ma za su zo. Babanmu ya shiga da kansa ya same ta.

"Yaya, ki bari a kai ta bayan gari a saki. Dabba ce fa. Sana'arki ta shekara arba'in za ki bari a kanta?"

"Ita ta ce muku ta yi wa wani asiri?"

"Ba wanda ya ce haka, amma bakin mutane..."

"Mutanen nan da la'asar suke tafiya," in ji Gwaggo. "Ita ba ta tafiya."

Babanmu ya fito yana girgiza kai. A nan na gane Gwaggo ta riga ta zaɓa. Kitso ya tafi, sunanta ya ɓaci, duk ta haƙura, in dai Tasalla za ta tashi. Kuma mun ɗauka za ta tashi, tunda ba sauran gashi a gidan.

Aman bai tsaya ba. Mako biyu ba macen da ta tsefe kai a gidan, amma kullum sai kakari. Tasalla ta koma ba ta iya hawa katanga sai ta bi ta kan turmi. Gwaggo ta dafa mata kifi ta cire ƙaya, kyanwar ta lasa sau biyu ta kau da kai. Gwaggon ma ta daina cin kirki. In na shiga sai in tarar da su zaune a rumfa.

Wata Asabar bayan azahar na shiga kai mata tuwon dawa, na tarar barci ya ɗauke ta a rumfa, ɗankwalinta ya zame. Tasalla tana kwance a saitin kanta, tana lasar kitson nan fari, a hankali, tana kama silin da ya fito da haƙori tana ja. Na koma inda ta yi aman safe, na ture tokar, na zuba ruwa a kai. Fari ne tas, ba baƙi ko ɗaya.

Da Gwaggo ta farka na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi kusa da ido.

"Kin san tana lasar miki kai?"

"Tun tana ƙarama," ta ce. "Ita take min susa in na kwanta. Na ɗauka so ne."

"So ne mana, Gwaggo. Ki daina shafa man kawai, ki riƙa ɗaure kai tamau."

"Man da ya shekara sittin yana shiga? Ko na wanke da omo sai ta ji shi. Ɗankwali kuma ture shi take yi."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da almakashi da sabuwar reza, ta zauna a kan 'yar kujerar da take zama in za ta yi kitso, ta juya min baya. Na ce wallahi ba da hannuna ba. Ta ce in ban yi ba za ta yi da kanta ta yanke kunne, kuma alhakin yana wuyana. Haka na tsaya a bayan matar da ta kitsa min kai tun ina goye, na datse kitson nan ɗaya bayan ɗaya, ina kuka, ita kuwa tana ce min in yi a hankali kada wani ya faɗi ƙasa. Na bi da reza. Ta tattara komai a leda, ta ƙirga kitson da yatsa ta tabbatar ba wanda ya ɓace, ta kai masai ta jefa. Ta wanke kan da sabulu har sau uku.

Sannan ta dawo rumfa ta kwanta, ta kira, "Mus-mus, zo Tasalla." Kyanwar ta taso da ƙyar, ta zo ta shinshina kan, ta sake shinshinawa. Ta ja da baya, ta tsaya tana kallon Gwaggo. Daga nan ta juya ta tafi bayan randa ta kwanta, fuskarta ga katanga.

Kwana biyu tana nan, ba ci, ba ta zuwa kira. Aman ma ya tsaya, don ba abin da za ta zubar. A rana ta uku Gwaggo ta idar da sallar walaha ta duba bayan randa ba ta gan ta ba. An duba rumbu, an duba rariya, an leƙa rijiya. Gwaggo da ba ta fita sai da dalili ta bi lungu-lungu da hijabi tana kira, har gidan Hajiya Halima Sadiya ta yi sallama ta tambaya.

Kwana huɗu da ɓatanta ina dawowa daga Fammar, na haɗu da Fanta a bakin gari da ƙwaryarta a ka. Ta ja ni gefe. Ta ce da safe ta ga Tasalla a ƙarƙashin wani tarin kara a hanyar Durba, ta riga ta sandare, ta tona rami ta rufe ta. Ta ce, "Na kai wa Goggo mai yanzu, na kasa faɗa mata. Ke 'yarta ce, ke ki faɗa."

Tun daga bakin gari nake shirya maganar. Na yi sallama a zaure, ta amsa daga ciki. Na same ta a tsakiyar tsakar gida, ba a rumfa ba, a cikin rana, zaune a kan kujerar kitso ba ɗankwali. Ƙwaryar Fanta tana kan cinyarta a buɗe. Ta lafta man shanu a kan nan da ba gashi, rana ta narkar da shi yana gangarowa ta goshinta da bayan kunne, har ya jiƙa wuyan rigarta. Ga ɗan kwanon kifi a gefe, ƙudaje sun rufe shi.

"Yauwa Afira, gara da kika zo," ta ce. "Na gane abin da ya kore ta. Ba ta ji ƙamshina ba ne, ta ɗauka wata ce. Yanzu ai ba gashin da zai cuce ta, ta lasa iya son ranta. In iska ta kaɗa za ta jiyo."

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Na buɗe baki.

"Zo ki shafa min a ƙeya," ta ce, ta miƙo min ƙwaryar. "Hannuna ba ya kaiwa."

Na ajiye jakar, na karɓa, na zagaya bayanta. Na lakato man na fara shafawa, ita kuma ta juya fuskarta wajen katanga tana kira, "Mus-mus. Mus-mus."